Ɗakin Baya a Gidan Mai Guduma

Auta tana 'yar shekara shida ta fara jin sunan. An wayi gari bangon kicin ɗinsu ya tsage tun daga bakin taga har ƙasa, tsagar da yaro zai iya zura yatsa a ciki. Mahaifinta ya daɗe yana kallo, hannu a ƙugu, sannan ya ce, "Ba makawa, sai an aika wa Mai Guduma." Auta ta ɗauka wani ƙato za a kira ya ƙarasa rushe gidan, har ta kwashe 'yan tsananta ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Da hantsi sai ga wani siririn mutum a kan keke, hularsa ta yi fari da ƙurar siminti. Ya jingine keken, ya zaro wata 'yar guduma daga aljihu wadda ba ta fi cokali tsawo ba. Mahaifiyar Auta ta fito da sauri tana cewa, "Yaya, sannu da zuwa." A ranar yarinyar ta gane cewa Kawun da ake cewa yana can nesa wajen aikin gini shi ne Mai Guduma.

Birkila ne, kuma ya yi shekara arba'in da wani abu yana ɗora bulo. Amma abin da aka san shi da shi a garin shi ne sauraron bango. Ba ya taɓa cewa komai a kan gini sai ya bi shi da 'yar gudumarsa, yana bugawa a hankali, kunnensa kusa da filasta, idonsa a lumshe. Yakan ce bango mai lafiya a taƙaice yake amsawa, kamar mutumin da ya ƙoshi. Wanda ruwa ya ci kuwa, ko filastarsa ta rabu da bulo, sai ka ji ya amsa da zurfi kamar tulun da ba ruwa. In ya ji irin wannan amsar ba ya iya yin shiru, ko a gidan wa yake. An taɓa gayyatarsa cin abinci a sabon gidan wani ɗan kwangila, kafin a kawo ruwan wanke hannu ya riga ya gaya wa mai gidan cewa lintar ƙofar falonsa, wato simintin da ke riƙe da bango a saman ƙofar, ba za ta ga damina uku ba. Ba a sake gayyatarsa ba. Lintar kuwa a damina ta biyu ta sauko.

Gidansa da hannunsa ya gina shi, a bayan masaƙa, lokacin da unguwar duk fili ce sai ciyawa. Ɗaki huɗu da falo, da 'yar farfajiya mai bishiyar lemun tsami wadda matarsa ta shuka. Kowa Inna yake ce mata, har shi kansa in ya so tsokana. Duk wanda ya san gini in ya shiga gidan sai ya yaba. Ƙofofin ba sa kukan komai, ruwan sama ba ya kwana a farfajiya, kusurwoyin a miƙe kamar an ja su da zare. Wuri ɗaya ne kawai abin ya kuskure, wato ɗakin baya.

Auta ta ji labarin ɗakin a bakin Inna, ta kuma rubuta shi a littafinta. Tun tana makarantar sakandare take ajiye wani littafi mai kauri, inda take rubuta wa ya haifi wa, wa ya rasu a wace shekara, da labaran da tsofaffi ke saki in hira ta yi daɗi. Inna ta ce a lokacin tana da tsohon ciki na 'yarsu ta fari, mai gidan da suke haya ya ba su wata guda su tashi, ga hadari kullum yana haɗuwa. Akwai wata leda mai kauri da ake shimfiɗawa a kan harsashi kafin a ɗora bulo, don kada danshin ƙasa ya hau bango. Ledar ta ƙare saura ɗakin baya, shagon da ake sayarwa kuma ya ce sai bayan mako biyu kaya za su iso. Kawu ya dubi sama, ya dubi matarsa da kumburarrun ƙafafu, ya ɗora bulo haka nan. Tun daga shekarar, duk damina danshi yakan hau bangon har gwiwa, fenti ya kumbura ya zube, ɗakin ya ɗauki warin funfuna. 'Yar da aka haifa a nan aka kwantar da ita, ta yi ta tari har shekara uku, sai da aka sauya mata ɗaki ƙirjinta ya washe. Daga nan ɗakin ya koma ma'ajiyar cebur da katako da tsofaffin kwanukan gini.

Shekaru suka ja. 'Yar ta yi aure a babban birni, Kawu ya ajiye cokalin gini, masaƙa ta rufe. Sai ciwo ya kama Inna. Likita ya ce ƙodarta ta gaza, dole a riƙa wanke mata jini sau biyu a mako, injin kuma babu shi sai a asibitin birni, tafiyar awa huɗu a mota. 'Yarsu tana can, amma a ɗaki biyu take a hawa na uku, da miji da 'ya'ya huɗu. Shawarar da aka yanke ba ta da wuyar fahimta. A sayar da gidan, a nemi ɗan wuri a ƙasa kusa da asibiti, tsofaffin su zauna tare.

Sai dai rabin unguwar shawarar da suka yanke ke nan. Tun da masaƙa ta rufe, mutane ke kwashe kaya suna barin gari. Layin su Kawu gida goma sha ɗaya ne, bakwai a ciki an rubuta musu "Na Sayarwa" da jan fenti, da lambar waya a ƙasa. Wasu lambobin har rana ta cinye su, mai gida ya dawo ya sake bin su da buroshi, suka sake koɗewa. Auta ta gama makaranta ba ta sami aiki ba, sai mahaifiyarta ta tura ta gidan ta riƙa taimakon Inna. Saboda haka duk abin da ya biyo baya a gabanta aka yi.

Dillalin da suka samu wani mai tumbi ne, da waya uku da tarin makullai a ɗaure a ƙugu. Ana ce masa An Gama, don ba abin da za ka faɗa masa bai ce "an gama" ba. Ya zagaya gidan yana gyaɗa kai.

"Baba, wannan ai ba gida ba ne, zinariya ce. Wata guda ya yi yawa. An gama."

Sai da aka yi wata uku kafin ya kawo mutum na farko, wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Malamin ya so gidan, har ya tsaya a gindin lemun tsamin yana tambayar ko yana 'ya'ya. Suna shirin fita Kawu ya ce, "Malam, saura ɗaki ɗaya." Ya kai shi ɗakin baya, ya janye katakon da ke jingine, ya durƙusa ya buga. Bangon ya amsa da zurfi. Ya yi masa bayanin leda da danshi da tarin yarinya, bai rage ko ɗaya ba. Malamin ya yi godiya, ya ce zai yi shawara da iyali. Ba a sake ganinsa ba.

An Gama ya dawo yana share gumi.

"Baba, ni na kawo ka sayar ne, ko na kawo ka kore?"

"Tambaya ta yi masa yawa, na rage masa."

"Ai bai tambaya ba."

"Da ya san gini zai tambaya. Laifinsa ne da bai sani ba?"

"To ni Baba, don Allah, ran da zan kawo wani, ka tafi aski."

Kawu ya shafa sanƙonsa ya ce, "Wane gashin?" Har Inna da ke kwance a falo sai da ta yi dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Aka kawo na biyu, aka kawo na uku, duk gudumar ta sallame su, a garin da mai saye yake da gida ɗari a gabansa yana zaɓe. Inna kuwa hanya tana cin ta. Ran wankin jini su fita da sassafe, su dawo da la'asar sakaliya, a ciro ta daga mota kamar tsumma. Wata rana ta yi amai tun daga tasha har gida. 'Yarsu ta kira a waya, Auta tana jin muryarta daga inda take tsaye.

"Baba, kowa yana gyara kayansa kafin ya kai kasuwa. Ba ƙarya aka ce ka yi ba. Shiru kawai aka ce ka yi."

Kawu ya ce ya ji. Washegari ya kwashe kayan ɗakin baya, ya kankare tsohon fenti, ya cike, ya goge, ya shafa fari har hannu uku. Lokacin rani ne, bangon a bushe, aikin kuma aikin gwani. Ko Auta da ta san wurin sai da ta neme shi ta rasa. Da ya gama bai ci abinci ba. Ya wanke buroshi ya zauna a gindin lemun tsami har aka kira shi sau biyu.

Bayan mako uku An Gama ya zo da mata da miji. Mijin ma'aikacin lantarki ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garin, matar na riƙe da jariri, wata 'yar yarinya kuma tana bin ta riƙe da gefen zane. Da gaske suke, don kwanansu goma a masauki. Suka gaishe da Inna, suka ga falo, suka ga kicin, mijin yana ta buɗe famfo yana rufewa. An Gama sai magana yake zubawa, yana satar kallon Kawu. Kawu yana biye da su a baya, bakinsa a rufe, hannunsa na dama a aljihu.

Da suka shiga ɗakin baya matar ta tsaya a tsakiya ta juya. Hasken taga ya faɗo a kan farin bangon.

"Kai, wannan ya yi," ta ce wa mijinta. "Nan ne ɗakin yara. Gadon jariri a wannan lungun, nesa da ƙofa."

Lungun da ta nuna shi ne inda danshin ya fi hawa. Auta tana bakin ƙofa da tiren ruwa. Ta ga Kawu ya dubi jaririn, ta ga hannunsa ya motsa a aljihu ya tsaya. An Gama ya ce, "Madam ta iya zaɓe, mu je falo a ƙarasa magana." Har sun juya. Sai Kawu ya ce, "'Yata, dakata." Ya durƙusa a hankali saboda gwiwarsa, ya buga sau uku.

Bayan tafiyarsu An Gama ko sallama bai yi ba. Kawu ya shiga falo ya zauna a bakin kujera. Inna tana kwance fuskarta ga bango.

"Na ji," ta ce. "Tun daga nan na ji bugun."

"Jariri ne da su, Inna."

"Na gan shi. Ni na yi masa wasa." Ta juyo. "Ka kyauta wa 'ya'yan mutane, Malam. Ni kuma fa?"

Auta ta daɗe tana tunanin ko akwai amsar da zai bayar, ba ta samo ba har yau.

Mako na gaba aka tafi da Inna birni gaba ɗaya, don jikinta ya daina ɗaukar hanya. Aka shimfiɗa mata katifa a falon 'yarta, tsakanin talabijin da kekunan yara. Ran wanki surukinsu da wani maƙwabci su ɗora ta a kujerar roba su sauko da ita hawa uku, su sake hawa da ita da yamma. Babu wurin Kawu a can, kuma ba a barin gida ba kowa a unguwar da ɓarayi suka fara cire tagogi. Shekara arba'in da ɗaya da aure, sai ga su kowa da garinsa.

Kawu ya ce tunda bangon ne ya raba su, zai gyara shi. Akwai yadda ake yi. A sare bulon ƙasa kaɗan-kaɗan, a zura leda, a mayar, a jira ya kama, sannan a matsa gaba. Aikin matasa ne, shi kuwa ya haura saba'in. Ya yi kamu biyar, a na shida bayansa ya riƙe, sai da Auta ta kira maƙwabta aka ɗaga shi. Ɗakin ya zauna haka, rabi sabon siminti, rabi farin fenti da damina ta fara kumburawa. An Gama ya daina ɗaga waya. Jan rubutun sayarwa da ke jikin katangar gidan ya koɗe, Auta ta bi shi da buroshi.

Duk mako biyu Kawu yakan hau mota ya je ya ga Inna, ya wuni a gefen katifarta, ya kwana a shagon wani tsohon yaronsa, ya dawo. Yakan tafi mata da lemun tsami a leda ko da likita ya hana ta sha, ta riƙa shinshinawa. In zai tafi sai ya bar wa Auta makulli, ya ɗora 'yar gudumar a kai. 

Shekara ɗaya da rabi aka yi a haka. Wata ranar Talata Kawu yana birni, sai ga An Gama da mai gidan burodin da ke bayan layinsu, wani mutum mai gaggawa da garin fulawa a gashin hannunsa. Bai kalli falo ba, bai kalli lemun tsami ba. Taku yake ƙirgawa daga katanga zuwa katanga. Auta ta bi su har ɗakin baya, gudumar a hannunta. Ta tuna Inna a kujerar roba. Ta tuna cewa ba wanda zai san ta yi shiru. An Gama ya ga abin da ke hannunta ya dafe kai.

"Ke ma? Abin gado ne?"

Ta durƙusa ta buga. Ta faɗi zancen leda. Mai burodi ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Sannu 'yan mata. Ai wannan ɗakin rushe shi zan yi. Wurin juyawar motocina nake nema, sauran kuma ma'aikata su kwana."

Abin da ya taya bai kai darajar gidan ba, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma ya isa ɗaki da falo a ƙasa, a bayan asibiti. Auta ta kira Kawu ta gaya masa duka, har da maganar rushewa. Tana jin hayaniyar yara a bayansa.

"Kin buga masa?"

"Na buga, Kawu."

"To a sallama." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki ce masa in zai rushe ya fara cire kwanon rufin, sabo ne, kada su lalata shi. Lemon kuma in ba ya so, ya bari ya gama 'ya'yan bana."

An Gama ya ce an gama, karo na farko da maganarsa ta zama gaskiya.

Ranar da suka tare a sabon wurin, Inna tana zaune a kan gado ana shigo da kaya, sai ta ga Kawu ya nufi bango hannu a aljihu.

"Malam," ta ce, "in ka ji wani abu, ka riƙe shi a cikinka. Ba inda zan sake zuwa."

Ya buga duk da haka. Ya ce filastar ba laifi, mai aikin dai rowar siminti gare shi.

Wata tara suka yi tare a ɗakin. Shi yake tura ta a keken marasa lafiya zuwa wanki, tafiyar minti goma, ya zauna a benci har a gama. Ma'aikatan jinya suka saba da shi, har suna kiran shi ya duba musu tsagar da ke bangon ofishinsu. Inna ta rasu wata safiya bayan ta sha shayi, hannunta a cikin nasa. Shi kuma ya bi ta bayan shekara guda da 'yan watanni.

A tsakanin rasuwar biyu Auta ta je ta yi mako a wurinsa, da littafinta. Ya rame, yana yawan zama a bakin ƙofa yana kallon masu wucewa zuwa asibiti. Ta tambaye shi shekarar da ya fara aiki, da sunan maigidan da ya koya masa, ya faɗa mata. Sannan ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi ko yana da-na-sanin bugun da ya yi ranar masu jariri.

Ya ce, "Shekara ɗaya da rabi na ci mata. Tana kwance a falon mutane, ana hawa da ita ana sauka kamar buhu. Wannan ba ya barina barci." Ya juya gudumar a tafin hannunsa. "Amma in aka maido ni ɗakin nan, yarinyar nan ta sake nuna lungun, ban san yadda zan hana hannuna ba."

Auta ta ce mutane suna yabonsa, suna cewa ba a yi mai gaskiya irinsa ba. Ya ɓata fuska kamar an ba shi magani mai ɗaci. Ya miƙa hannu ya karɓi littafin, ya jujjuya shafukan, ko da yake karatun boko bai dame shi ba, ya mayar mata.

"Auta, in kin zo kaina a littafin nan, abu ɗaya nake roƙo. Kada ki shafa mini fenti. Ki fara da ledar da na tsallake, ki rubuta tarin yarinya, ki rubuta hawa ukun da aka yi ta ɗaukar Innarku. In wuri ya ragu, sai ki sa sauran."